Ranar da Jikin Ƙanwata Ya Yi Sanyi

Ƙanwata tana sayar da koko da ƙosai a bakin babbar gotar da ruwan datti ke bi a unguwarmu, Zangon Nima. Ni na raine ta, don uwarmu ta rasu tana goyonta. Shekarar da ake layin burodi da sabulu zazzaɓi ya kama ta.

A Zango kowane zafin jiki maleriya ne. Mai kemis ɗin layinmu ko ganinta bai yi ba, ya ba ni kulorokwin. Ta sha, ta yi ta susa, zazzaɓi bai motsa ba. Kullum sai ƙaruwa. Harshenta ya yi fari, kai na sara, ciki ya ɗaure. Matan gida suka ce datti ne ya taru. Tsohuwar da muke haya a gidanta ta kawo bentuwa, ɗan goran robar da ake ɗura ruwan citta da barkono da shi ta ƙasa. Aka ɗura mata. Haka ake yi wa kowa, har jarirai.

Washegari da hantsi ta ƙwalla ihu ta riƙe ciki. Bayan nan jikin ya yi sanyi. Tsohuwa ta taɓa goshinta ta ce, "Kin gani? Ya fita." Muka yi hamdala. Na dama mata koko. Ta kurɓa ta ce, "Yaya, wannan tsululun naki, ai da masu sayena sun gudu." Ta fara dariya, ciki ya hana ta.

Da cikin ya kumbura muka ɗauki tasi zuwa asibiti. Likita ya danna, ya ji shi kamar katako. Wata nas 'yar unguwar Maamobi ce ke fassara mini. Ya tambaya, an taɓa ɗibar jininta? Na ce ba wanda ya ce a ɗiba. Ya ce yana zargin taifot, ƙwayar cuta ce da ke shiga ta ruwa da abinci, ta ci hanji har ta huda shi. Sanyin nan da muka yi wa murna, lokacin ne hanjin ya fashe.

Suka ɗebi jini, suka ce sai ƙwayar ta tsiro a kwalba kafin a tabbatar. Suka shiga da ƙanwata tiyata, ba ta farka ba. Ranar sadakar bakwai nas ɗin ta zo gaisuwa, ta ce mini a hankali, taifot ɗin ce.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ya ƙare. Na sani, ni ma Musulma ce. Amma har yau in na ji wata ta ce "maleriya ce kawai," sai na tsaya mata a ƙofa har ta ɗauki mayafi mu je a ɗebi jini. Masifaffiya suke ce mini. Su faɗa.