Mitar da Ta Tsaya a 71317

In kun ga dama ku yarda, in kun ƙi ma ba zan rantse ba, amma ni dai har in mutu ba na mance fasinjan da ya karanta mini mitar babur.

Lokacin ina acaɓa tsakanin Faskari da Damari, da wani tsohon mashin da na saya a Ƙanƙara. Shi ne tuwona, shi ne miyata. Dillalin ya ce mai shi ya fita da shi wata rana, mashin ya dawo, mai shi bai dawo ba. Ban tambayi ƙari ba, araha ta toshe mini kunne. Mitarsa kuwa a tsaye take cak, 71317, ko Makka ka je da shi.

Rannan da rana tsaka na ɗauko wani dattijo, tsohon malamin lissafi. Muna cikin daji ya leƙo ta kafaɗata ya yi shiru, har na tsargu.

"Baba, lafiya?"

"Lambar nan taka," in ji shi, "ta gaba da ta baya duk ɗaya ce, tafiyarta ita ce dawowarta. Kuma ba ta rabuwa. Raba ta biyu, uku, bakwai, sai an bar saura. Ba mai shiga cikinta sai ɗaya, sai ita kanta."

Yana rufe baki mashin ya mutu. Ba iska, ba kukan tsuntsu, gonakin dawa sun yi tsit kamar suna saurare. Baba ya sauka, mashin ya tashi. Ya hau, mashin ya sake mutuwa, Baba ya sake sauka. Da na waiga, wallahi kujerar baya a lotse take kamar da mutum a kai, alhali Baba yana tsaye gefe. Gashin jikina har na hanci sai da ya miƙe.

Kun san ni da baki. Kafin la'asar duk tasha ta ji cewa mashina ba ya ɗaukar biyu don da mai shi na farko a baya. Fasinja suka ƙaurace mini, har mai kai akuya kasuwa. Gidana aka fara kwana da kunu.

Na kai wa makanike, ya ce wayar mita ce ta tsinke, ya sa sabuwa. Lamba ta motsa, mashin ya koma ɗaukar mutum uku da buhu. Sai dai har na rabu da shi kujerar nan ba ta miƙe ba.

Tun daga nan na koyi cewa in mai ilimi ya yi shiru, to, a bar shi da shirunsa. Da na sake gamuwa da Baba ranar kasuwa na ce ya kusa kashe mini sana'a. Ko kallona bai yi ba ya ce:

"Kai tafi can! Ni lissafi na gaya maka. Na bayan naka kai ka ɗauko abinka."