Uwar Tukunya da Kwanon Dunƙule

A masaƙar da ta yi aiki babu wanda ya damu da ainihin sunanta. Daga manaja har masu shara, Uwar Tukunya suke ce mata, ita kuwa ta amsa da ƙarfi, ludayi a hannu. Ita ce shugabar kicin ɗin ma'aikata tun da sauran ƙuruciyarta har furfura ta cika mata kai. Ta san cikin kowa a wurin. Ta san wanda ba ya son mai, ta san wanda sai an yi masa ƙari yake iya miƙewa, ta kuma san wanda in ya ture faranti to da matsala a gidansa. Irin wannan takan bi shi har bakin famfo ta ce, "Ɗan nan, me ya faru?"

Ita ce babba a ɗakinsu. Ta tashi a gidan da ake kankare gindin tukunya ƙanne na zuba ido, kuma tun a lokacin ta ɗauki alwashi cewa duk inda take da iko, kwano ba zai zauna wayam ba. Ta cika alwashinta a masaƙa, ta cika a gidan aurenta. 'Ya'yanta sun tashi da kumatu.

Ciwon gwiwa ne ya sa ta ajiye aiki. Yara duk sun kama gabansu, gida ya rage daga ita sai maigidanta. Shi kuma tsohon shugaban masu gadi ne a wani babban ɗakin ajiyar kaya, ya daɗe yana kula da manyan karnukan gadi, irin waɗanda haushinsu kaɗai ke sa ɓarawo ya tuba. Mutum ne mai tsari, ko takalmansa a jere suke kwana. Sun saba da juna yadda harshe ya saba da haƙori: ana cizo, ana zama tare.

Wata safiya autarsu ta shigo rungume da kwali. Ta ajiye a baranda kusa da ƙofar kicin, ta buɗe. Wani ɗan abu mai gashi ruwan ƙasa ya leƙo da kai, idanu kamar maɓallan riga.

Maigida ya sunkuya ya duba da kyau. "Wannan kare ne ko ɓera?"

"Baba, kare ne mana. Irin ƙananan nan ne, ko ya girma ba zai wuce mage ba."

Auta ta yi bayani. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta kwikwiyon, ga shi mai gidan da take haya ya ce ko ita ko kare. Tana roƙon a riƙe mata shi kafin ta samu wani wuri. Ta fito da ledar abincinsa, wasu 'yan ƙwayoyi busassu, ta fara faɗar yadda likitan dabbobi ya ce a riƙa ba shi. Uwar Tukunya ta ɗaga mata hannu.

"Ni za ki koya wa ciyarwa? Ke da wa ya ciyar da ke? Na ciyar da ƙarti masu ɗaga dilar yadi, abin da bai kai dunƙulen hannuna ba ne zai gagare ni?"

Sunan ya bi shi daga ranar. Dunƙule.

Ta nemo masa kwanon roba, ta cika shi taf ta ajiye a gefen kwalinsa. Da ta ga ya ragu sai ta ƙara. Tana wucewa za ta leƙa, in ta hango gindin kwanon sai ta ji kamar an zage ta. Dunƙule yakan zo ya tsinci ƙwaya biyu, ya bi ganye da gudu, ya dawo ya tsinci ɗaya, ya kwanta. Kwano dai na raguwa kullum, wannan kuwa ya ishe ta shaida.

Sai dai wanda ke ci babu lokaci, ba shi da lokacin fitarwa. Baranda ta zama wurin da sai an duba ƙasa kafin a taka. Tana wankewa, yana sakewa. Maigida ya yi haƙuri iyakar haƙurinsa, har ranar da ya fito da kofin shayi babu takalmi ya taka abin da ya taka.

"Maman Auta! Zo ki ga aikin ɗanki!"

"Yaro ne, Baban Auta. Naka yaran ba su yi ba?"

"Kare da lokaci ake ciyar da shi. Ni na riƙe karnuka, ba labari aka ba ni ba. Sau ɗaya a yini, da yamma, su cinye a ɗauke kwano. Ba su taɓa ɓata mini wuri ba."

"Yunwa kake kira tsari."

"Ke kuma ɓarna kike kira tausayi."

Ranta ya sosu. Ta ɗauko ledar abincin ta dangwara masa a cinya. "Ga shi nan. Ka riƙe shi yadda ka iya, mu gani. Gani ya kori ji." A ranta ta tabbata ba za a je ko'ina ba zai dawo mata da ledar.

Washegari maigida ya ɗauke kwanon tun da safe, ya wanke ya kife a kan taga. Dunƙule ya je inda kwanon yake zama ya shinshina, ya dawo bakin ƙofar kicin ya zauna yana kallonta. Ta juya masa baya tana yanka albasa, tana cewa albasar ce ke sa ta hawaye. Ta yi magana, ba za ta janye ba.

Rana ta take, ta fara karkata. Maigida ya fita sayen batir ɗin rediyo. Ita kuma ta lura gidan ya yi tsit, babu ƙarar ƙananan farata a kan siminti. Ta leƙa baranda. Dunƙule ya taso zai zo wurinta, ƙafafunsa suka harɗe, ya tafi gefe kamar mai jiri, ya faɗi. Jikinsa na karkarwa alhali ana zafi.

Uwar Tukunya ba mace ba ce mai ɗora hannu a ka. Ta taɓa ganin ƙato ya zube a layin karɓar abinci, ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauke shi ta naɗe a tawul, ta kira Auta a waya, Auta ta haɗa ta da likitar dabbobi. Muryar mace ce, a natse.

"Mama, yaushe rabonsa da abinci?"

"Tun jiya."

"Akwai zuma a gidan? Ki lakato kaɗan a yatsa ki shafa masa a dasashi. Kada ki ɗura masa komai a baki. Ki rufe shi ya ji ɗumi, ku taho yanzu."

Ta yi yadda aka ce. Kafin maigida ya shigo, ɗan harshen ya fara lasar yatsarta. Maigida ya tsaya a ƙofa da batir a hannu, ya dubi tawul ɗin, ya dube ta. Nan take ya gane. Ya juya ya fita neman mota.

Asibitin ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da teburin ƙarfe, ga warin maganin wanke ƙasa. Likitar matashiya ce mai tabarau, ba ta fi sa'ar Auta ba. Ta duba Dunƙule, ta ba shi abin da za ta ba shi, ta ɗora shi a sikeli. Da ya farfaɗo har ya fara neman cizon safar hannunta, sai ta juyo.

"Sukarin jininsa ne ya sauka. Baba, abin da ka saba da shi na manyan karnuka ne da suka gama girma. Wannan cikinsa bai fi cokali ba, ba shi da ajiya a jiki. In ya daɗe bai ci ba, haka zai zube, wani lokaci ba a tashi."

Maigida ya sunkuyar da kai. Uwar Tukunya ta gyara zama, ta ɗan yi gyaran murya. Ba ta son cin fuska a gaban mutane, amma gaskiya gaskiya ce.

"Ai na faɗa masa, 'yar nan. Lokacin da yake hannuna kwanonsa bai taɓa zama babu abinci ba."

"Madalla. To nawa yake ci a yini, Mama?"

Ta fara lissafi da yatsu, lissafin ya ƙi fita.

"Ina tambaya ne saboda nauyinsa bai kai yadda ya kamata ba. Wannan ramar ba ta yini ɗaya ba ce."

"Amma kwanon na raguwa."

Maigida ya ɗago a hankali. "Tantabarun maƙwabta ma sun yi ƙiba," in ji shi. "Da magensu. In kin shiga ɗaki layi suke yi."

Likitar ta danne dariyarta. Uwar Tukunya kuwa ba ta ga abin dariya ba. Abin da ya tsaya mata a rai ba tantabaru ba ne. Ita da take gane damuwar mutum daga yadda ya riƙe cokali, yau an tambaye ta abin da ɗan abu guda yake ci a barandarta, ta rasa amsa. A masaƙa tana tsaye ake ci, idonta a kan kowane faranti. A nan ta cika kwano ta juya baya.

Ba ta tsaya kare kanta ba. Ta matso da kujera. "To faɗa mini yadda ake yi. Ki faɗa sau ɗaya, ya isa."

Likitar ta yi bayani. Kaɗan-kaɗan, a aune, sau huɗu a yini, tazarar kada ta yi nisa. A ajiye masa, a tsaya ya ci, in ya bar saura bayan ɗan lokaci a ɗauke. Yana gamawa a fita da shi inda ake so ya riƙa yin bayan gida. Ruwa kuwa kullum a gabansa. In ya ƙara girma a rage zuwa sau uku, daga baya sau biyu.

"In za ku yini a waje babu kowa, gara a bar masa abinci da a bar shi da yunwa," in ji ta. "Amma tunda kuna gida, idonku ya fi cikakken kwano amfani."

A mota suna komawa, Dunƙule na barci a cinyarta, ta ce ba tare da ta dubi mijinta ba, "Awo nawa ne. Agogo naka."

"Na ji."

"Fita da shi ma naka ne. Gwiwata."

"Wannan ba ya cikin maganar likita."

"Yana cikin tawa."

Haka aka yi. Ta samo wani ɗan murfin kwalba ta mayar da shi ma'auni, hannunta kuwa ba ya kuskure awo. Maigida ne mai kira daga falo, "Maman Auta, lokaci ya yi!" kamar mai sauya masu gadi. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a baranda, ta ajiye kwanon, ta tsare shi da ido. Dunƙule da a da yake yanga, yanzu yana jin motsin leda yake tsalle yana juyi. Yana gamawa maigida ya ɗauke shi zuwa bayan gida gindin bishiya, ya tsaya a kansa da hannu a baya. Baranda ta bushe. Tantabaru suka yi ta sauka a banza har suka gaji suka daina.

Ɗauke kwano da saura a ciki ne ya fi yi mata wuya. Hannunta kan tsaya a sama. Amma takan ɗauke, domin ta ga haƙarƙarin da a da take ji a ƙarƙashin gashi sun fara ɓuya. Da aka koma awo, likitar ta dubi sikeli ta ce, "Mama, kin iya." Ta amsa, "Da ma na iya. Hanya ce ban sani ba."

Wata rana da hantsi, bayan Dunƙule ya yi wayo, ta ajiye masa kwano ya zo da gudu kamar kullum. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta a baki, ya tofar. Ya sake ɗauka, ya sake tofarwa, ya koma gefe yana kallon abincin.

"Baban Auta, zo. Yaron nan yana son ci, wani abu ne ya hana shi."

"Ko ƙoshi ya yi?"

"Mai ƙoshi ba ya zuwa da gudu."

Ta ɗora shi a cinya, ta ɗaga masa leɓe da yatsa. Dasashin ya yi ja, wani ɗan haƙori na gaba yana lilo. Ta kira likitar, aka ce famfara ce, lokacinta ne, a jiƙa masa abincin da ruwan ɗumi ya yi laushi. Ta tashi ta ɗora ruwa, ta jiƙa, ta taɓa da bayan yatsa ta ji zafin ya yi daidai, ta ajiye masa. Ya sa kai ya cinye tas, har yana tura kwanon da hanci zuwa bango.

Maigida na ɗaukarsa za su fita sai ya hango wani ɗan fari a kan siminti. Ya sunkuya da ƙyar ya tsinto, ya ɗora a tafin hannu. Bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Dubi abin da zai tsare mana gida da shi," in ji shi.

"Wani zai fito," ta ce, tana ɗauraye kwanon. "Ku tafi kafin ya yi maka a hannu."