Ranar da Na Shuri Surukina

Ni ban shiga karate don son faɗa ba, tumbi ne ya kai ni. Ina da shekara arba'in da ɗaya, kullum ina zaune a shagon atamfa a kasuwar Garwa, daga shayi sai soyayyen kifin Binuwai, har ranar da likita ya duba takardata ya ce ciwon suga ya fara leƙo ni. Matata ta kai labari gidansu, kamar yadda take kai komai. Washegari mahaifinta ya aiko cewa ranar Asabar in same shi a zauren wasanni na unguwarsu, in zo da wando mai faɗi.

Surukin nan nawa tsohon jandarma ne, Bafulatani siriri kamar sandar kiwo, ya haura sittin da biyar, kuma yana da baƙar ɗamara tun ina wasan ƙasa. Shi ke taimaka wa metir, malamin da ke koyar da mu. Shekara goma sha biyu da na auri 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tun daga bakin ƙofa nake tuɓe takalmi in durƙusa, mu gaisa ina kallon ƙasa. Haka aka rene ni. Shi kuwa bariki ta daɗe da wanke masa wannan kunyar, Kaɗo ma yake kirana a gaban kowa, yadda Fulani ke ce wa Bahaushe.

Abin da ya fara ba ni wuya shi ne shurin gaba. Ni a sanina shuri shuri ne, ka ɗaga ƙafa ka harba kamar jaki. Ashe ba haka ba ne. Sai ka fara ɗaga gwiwa har ta kai cibiya, ka lanƙwasa yatsu sama, ka tura ƙugu, ka bugi mutum da tudun da ke ƙarƙashin yatsun, sannan ka janye ƙafar da sauri kafin a cafke ta. Ni kuwa gwiwata da tumbina ba sa ga maciji. In na ɗaga, sai in kwanta baya ina fiffike da hannuwa, metir na ta ihu da Faransanci, gwiwa, gwiwa!

Ya ce in riƙa yin shuri ta saman wani abu, don ƙafa ta koyi tashi. Na zo gida na jawo turmi tsakar gida. Shurin farko na zabga wa turmin yatsu, na yi sati ina ɗingishi, matata kuma turmin ta fara dubawa kafin ta dube ni. A shago na jingina dilar atamfa da bango, in ba ciniki in yi ta dirka mata, har maƙwabcina mai sayar da huluna ya leƙo ya tambaye ni ko a kira malami ya yi min tofi. Amma wallahi bayan wata huɗu ƙafar ta faɗa. Akwai wani mai babur ɗan Gider da muke gwabzawa, ƙato ne, na taɓa aika shi jikin bango da shuri ɗaya.

Ana wata ga wata. Ashe a zauren nan ba a canja maka ɗamara sai ka kara da Baba, wato surukin nawa, ka kuma sa masa shurin gaba a ciki. Ranar jarrabawa ya tsaya a gabana ya bubbuga cikinsa. Na ɗaga ƙafa, ta je daidai ƙaurinsa, ta dawo da kanta.

"Kaɗo," in ji shi, "gaisuwa kake yi ko shuri?"

Aka bushe da dariya, na faɗi jarrabawa. Bayan wata uku na sake faɗuwa. Waɗanda suka shigo bayana, har da wata ma'aikaciyar asibiti da ba ta kai kafaɗata ba, duk sun ɗaura ruwan ɗorawa, ni ina nan da farar ɗamara da ta fara komawa ruwan ƙasa.

Na kai ƙara wurin matata. Na ce haba, ta yaya zan ɗaga wa mahaifinki ƙafa? Ko zama mutum ya yi ba ya miƙa wa babba tafin ƙafa, balle ya luma masa a ciki. Na ɗauka za ta yaba da tarbiyyata. Sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Kai dai ba ka san komai ba. Baba ya ce tun da ya cika sittin kowa a zauren nan lallaɓa shi yake kamar ƙwai, har metir ɗin. Suna taɓa shi, shi kuma yana ji. Ya ce ya ga yadda kake jefar da ƙarti, don haka in wannan karon ma ka tausaya masa, ya gane ya zama tsoho ke nan, zai naɗe ɗamararsa ya zauna a gida." Sannan ta ƙara da cewa, "Tun rasuwar Inna, Asabar ɗin nan kaɗai ke fitar da shi."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro. Wato dai in na girmama tsohon nan na kashe shi, in na shure shi na yi masa alheri. Wannan wace irin surukuta ce?

Ranar jarrabawa ta uku Garwa ta yi irin zafin nan nata, simintin zauren har ƙona tafin ƙafa yake. Aka kira ni. Muka sunkuya wa juna, idona na kan yatsunsa kamar kullum.

"Dube ni," in ji shi.

Na ɗaga kai. Ranar na fara ganin idon surukina, ashe na hagun ya fara yin fari. Zuciyata ta ce, a'a, ka taɓa shi kawai, kowa ma haka ya yi ya wuce. Sai ya kawo min naushi na gaske, ya same ni a haƙarƙari, ya ce, "Mai atamfa, ko sai na kira maka matarka ta taya ka?"

Na yi bismilla. Gwiwa ta tashi, ƙugu ya bi, na ji tudun ƙafata ya nutse a cikinsa. Baba ya yi baya taku biyu ya zauna daɓas a kan siminti.

Ban san lokacin da na zube a gabansa ba. "Baba, ku yi haƙuri, don Allah ku gafarce ni," nake ta faɗa, ina tunanin da wane baki zan gaya wa matata. Ya buɗe baki, numfashi ya ƙi zuwa. Metir ya rugo zai ɗaga shi, ya ture hannunsa. Ya kamo wuyan rigata ya jawo ni kusa, idonsa duk ya kawo ruwa, amma bakin nan dariya yake ƙoƙarin yi.

"Asabar mai zuwa," ya ce da ƙyar, yana haki, "ka zo da wuri, ɗana. Sai na rama."