Mikola, Kyaftin Ɗin da Ya Karya Mini Gwiwa

A wannan watan Mikola ya cika shekara uku da rasuwa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, har da waɗanda ba sa bari wasan Turai ya wuce su. Ɗan ƙasar Yukren ne, mai tsaron baya, ya kusa shekara ashirin yana buga ƙwallo bai taɓa ɗaga wani babban kofi ba. Ni sunana Sabi'u, mutumin Kaduna, direba nake yanzu a wani kamfanin gine-gine a nan Riyad. Kafin tuƙi ƙwallo na yi, kuma a gefensa na yi ta. Shi ne kyaftin ɗina, shi ne abokina, shi ne kuma ya karya mini gwiwa.

Ina ɗan shekara ashirin da kaɗan wani dillalin 'yan wasa ya kai ni ƙasarsu, ya ajiye ni a wani gari mai masana'antun ƙarfe, inda hayaƙi da sanyi ke raba sararin sama tsakaninsu. Sai da na kwana biyu a kulob ɗin na gane cewa an sayo ni ne don in gaje shi. Mikola ya doshi talatin a lokacin, dogo ne, mai nauyin jiki, gudu ba nasa ba ne, ni kuwa gudu kaɗai na iya. Ya san dalilin zuwana sarai. Ranar farko ya miƙo mini hannu ya faɗi wata kalma da ban gane ba, na ɗauka maraba yake yi mini, har na yi godiya. Daga baya na ji ashe cewa ya yi na makara.

A garin aka haife shi. Mahaifinsa ma'aikacin masana'anta ne, shi kuma tun yana ƙaramin yaro aka sa shi a makarantar ƙwallo ta kulob ɗin, ya hau mataki-mataki har ya ɗaura ƙyallen kyaftin. Wani babban kulob na babban birninsu ya taɓa ɗaukarsa, ya yi kaka guda a benci, ya tattara kayansa ya dawo gida. An taɓa kiransa sansanin ƙungiyar ƙasa, bai buga ba, ya dawo da rigar atisaye. Idan yana ba da wannan labarin ba ya ƙara masa gishiri, ba ya kuma ɗora wa kowa laifi. Cewa yake akwai waɗanda suka fi shi, shi ke nan.

Koci ya yi ta gwada mu ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya ga haɗa mu ya fi. Mikola ya ja ni gefe, da hannu da 'yan kalmomin da na fara tsinta, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini, ya ce, "Sabo, kai ka yi gudun, ni zan gaya maka inda za ka." Haka muka yi kusan kaka biyu. Yakan ga inda ƙwallo za ta faɗa tun tana ƙafar mai bugawa, sai ya daka mini tsawa, ni kuma in isa wurin. Ƙungiyar da kowa ke cewa za ta faɗa rukuni na biyu sai ga ta zaune a tsakiyar tebur. A wajen fili ma bai bar ni ba. Shi ya yi wa mai dafa mana abinci bayani a kan naman alade, da ya ga bayanin bai shiga ba ya riƙa kai ni gidan mahaifiyarsa, tana dafa mini jar miyarsu da naman sa a tukunya daban.

Abin ya faru ne a atisaye, cikin hunturu, ƙasa ta daskare kamar siminti. An raba mu gida biyu, ni da shi muka faɗa ɓangare daban-daban. Na zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, na kewaye shi na ɗauka, yara suka fashe da dariya, har koci ya juya baya yana murmushi. Ƙwallon da ta biyo baya, ina taɓa ta ya shigo da ƙafa biyu. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. An yi mini aiki, an sake yi, gwiwar ba ta koma daidai ba. Duk kwanakin da na yi a asibiti yana zuwa da miyar mahaifiyarsa a kula, ya zauna ya yi mini hirar koci, da ta albashin da ake jinkirtawa, da ta motarsa mai ƙin tashi. Maganar shigar da ya yi mini bai taɓa ɗauko ta ba. Ni ma ban ɗauko ba. Kwantiragina ya ƙare na dawo Kaduna, na gwada wasan gida ƙafa ta ƙi, daga nan na nemi bizar tuƙi na taho Saudiyya.

Shi ya ci gaba da wasa. Kulob ɗinmu ya talauce ya rushe, ya bi ƙananan ƙungiyoyi a ƙasashen da ke maƙwabtaka da su, yau nan gobe can. Mun yi shekaru ba mu ji juna ba. Wata rana ina jiran injiniyoyin da nake ɗauka a wurin aiki a Dir'iyya, gefen Riyad, saƙo ya shigo wayata: wani kulob na rukuni na biyu a nan ya ɗauke shi, ya kuma ji an ce ina Riyad. Muka haɗu a kasuwar Utaiƙa, wajen masu dabino, domin nan ne kusa da ɗakinmu. Ya hango ni ina tahowa da ɗingishina. Ya kalli ƙafar, ya kalli fuskata, sai ya juya ya ce in tambayar masa wane dabino ya fi zaƙi. Na tambayar masa. Muka rungumi juna da ledar dabino a tsakaninmu.

Ya buga abin da ya rage masa a ƙafa a nan, sannan kulob ɗin ya riƙe shi yana horar da 'yan baya. Ya kawo matarsa Oksana da 'yarsu Marta a kan iƙamarsa, wato takardar zama. Zafin Riyad ya ba shi wuya, fuskarsa kullum ja kamar an mare shi, amma bai taɓa fashin atisaye ba. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan biyo ni wani fili mai yashi a Al-Shifa, inda 'yan uwanmu leburori da direbobi ke haɗuwa, 'yan Nijeriya gefe guda, 'yan Nijar gefe guda. Shi ke busa mana. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "wallahi" da "ƙarya ne" ba, kuma ta ishe shi alƙalanci. Malam Issufu, birkila mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, ya fi kowa musu da shi. In ya busa wa Nijar laifi, Malam Issufu ya ce, "Sabi'u, gaya wa dogon nan naka ya ji tsoron Allah." In na fassara, Mikola ya ɗaga hannu ya ce da Larabci, "Halas, halas," wato magana ta ƙare, ya nuna inda za a ajiye ƙwallo.

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu, Mikola ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, waya na hannunsa ko'ina. Oksana ce ta kira ni, ta ce in yi masa magana, ya ce zai koma. Na same shi a gida na faɗa masa abin da kowane baƙo a ƙasar nan ya sani: in ya karɓi bizar fita ta ƙarshe, iƙamar matarsa da ta 'yarsa sun faɗi tare da tasa, makarantar Marta ta tsaya, aikin da yake da shi wani zai hau. In kuma ya shiga ƙasarsu, ba za a bar namiji mai shekarunsa ya fito ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce mahaifiyarsa ta ƙi barin gidanta, kuma yaran da suka taso a makarantar ƙwallonsu, waɗanda ya riƙa ɗaure wa igiyar takalmi, duk sun sa kaki. Ya ce ba zai iya tsayawa a gefen fili yana koya wa mutane tare bugun kusurwa ba. Ya tura iyalinsa Folan wurin 'yar uwar Oksana, shi ya tsaya ya kammala takardu da kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan.

Ni na kai shi filin jirgi, da rana tsaka. Mun yi nisa, sai ya ce, "Sabo, ranar nan da gangan na shigo maka."

Na ce, "Na sani, Kyaftin."

"Ban yi niyyar karya ka ba. So na yi ka ji zafi, su daina dariya. Amma da gangan ne."

"Tun ina kwance a filin na sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kai me ya hana ka?"

Na ce masa na yafe. Ban ce tun yaushe ba, domin ni kaina ban sani ba.

Likitocin soja sun duba gwiwoyinsa suka ce ba zai iya tafiyar ƙasa da kaya ba, sai aka ba shi motar kwaso waɗanda suka ji rauni. Yakan turo mini gajeren saƙon murya jefi-jefi, yawanci tambaya ce a kan mota: me ke sa giya ta riƙa fita, yaya ake fitar da taya daga laka. Kimanin shekara guda ya yi yana wannan aiki. Ina wurin aiki a Dir'iyya Oksana ta kira ta ce makami ya faɗa wa motarsu a kan hanya, shi da wanda ke gefensa ba su tashi ba. Na gama ɗaukar injiniyoyi na mayar da su ofis, domin ba wanda zai karɓe ni, sannan na koma ɗaki.

Mikola Kirista ne, kuma na san abin da addinina ya ce game da wanda za a nema wa gafara. Wannan ya tsaya mini a rai, na rasa abin da zan yi da bakina. Malam Issufu ne ya ce, "Sabi'u, ka yi wa matarsa gaisuwa, ka riƙa tambayar lafiyar yarinyar. Sauran ba a hannunka yake ba, yana wurin Mai shi." Juma'ar da ta biyo baya ba a buga wasa a Al-Shifa ba. Mutane suka zo suka zauna a kan yashi, suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan uwana ne ya rasu, aka watse kafin magariba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Riyad ta yau. Ya tafi kafin manyan taurarin duniya su fara kwararowa ƙasar nan. Yanzu hotunansu ne a kowane babban titi, ana gina sababbin filaye, yaran unguwarmu kowa da rigar wani. Ba na jin zai yi hassada, bai taɓa ɗaukar kansa sa'an irin waɗannan ba. Abin da na tabbata shi ne ba zai kalli mai cin ƙwallon ba, ɗan bayan da ya bar wurinsa zai nema, ya yi ta faɗa har a tashi. Dir'iyyar da ya sani da ramuka da ƙura ta zama wurin yawon buɗe ido. Ƙasarsa kuwa har yanzu ba ta huta ba, filin da muka yi wasa a kai an ce rabin rumfarsa ya zube. Mahaifiyarsa tana nan da rai, a gidan da ta ƙi bari.

In aka auna da ma'aunin ƙwallo, abin da ya bari kaɗan ne. Sunansa na cikin jerin 'yan wasan wata ƙungiya da babu ita yanzu, sai 'yan bidiyoyi marasa haske da da ƙyar ake gane lambar rigarsa. Ni ba zan ce waliyyi ba ne. Yana da zuciya, yana da girman kai irin na wanda ya daɗe yana ba da umarni, kuma fushinsa na ɗan lokaci ya canja mini rayuwa gaba ɗaya. Amma ban taɓa ganin ya bar wani shi kaɗai a wurin da ya kamata su zama biyu ba, a fili ko a wajensa.

Marta ta zama budurwa yanzu, tana karatu a Folan. Takan kira ni duk shekara in wannan watan ya kama, tana ce mini kawu da harshensu. A kiran bana ta ce ni ne na ƙarshe da ya gan shi kafin ya shiga ƙasar, tana so ta tambaye ni abu guda, kada in ɓoye mata: ya ji tsoro?

Na gaya mata. Kafin mu isa filin jirgin ya sa na tsaya a gefen titi, ya fita ya yi amai. Da ya dawo ya kasa ɗaura bel, ni na ɗaura masa. Da muka isa ya ɗauki jakarsa ya shiga, bai waiwayo ba.

Can ta ce, "Na gode, kawu. Kowa cewa yake bai ji ba."