Adadin da Na Karantar Bisa Kuskure

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ƙididdige kowane abu, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da iyalan gidansa.

A wajen malamina na Zariya na karɓi ilimin hisabi. Shi ya koya mini cewa adadi iri uku ne. A tara duk lambobin da ke raba shi ba saura, ban da shi kansa. In jimlar ta gaza shi, naƙisi ne. In ta wuce shi, za'idi ne. In ta zo daidai da shi, kamar shida, wanda ɗaya da biyu da uku suka haɗa, shi ne kammalalle, kuma irinsa kaɗan ne ƙwarai.

Da hannunsa ya rubuta mini wani babba, ya ce kammalalle ne: miliyan biyu da dubu casa'in da shida da ɗari da ashirin da takwas. Ya ce an same shi ta hanyar buga dubu ɗaya da ashirin da huɗu sau dubu biyu da arba'in da bakwai. Sharaɗin kammalarsa shi ne wannan na biyun ya zama ba abin da ke raba shi sai ɗaya da shi kansa. Ban gwada ba. A tarbiyyarmu, bin diddigin abin da malami ya rubuta rashin ladabi ne. Shekara talatin ina karantar da shi haka a zaurena na Malali, ɗalibai suna kwafa.

Bara 'yata, wadda ke koyar da lissafi a sakandare, ta zo gaishe ni bayan la'asar, ta tarar da takardar da malamina ya rubuta a kan buzu. Ta daɗe tana latsa wayarta.

"Baba, dubu biyu da arba'in da bakwai fa yana rabuwa."

"Wayar ce ta gaya miki?"

"A bar wayar. A buga ashirin da uku sau tamanin da tara."

Na buga da alƙalami sau uku. Haka yake. Adadin nan za'idi ne.

Malamina ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ban ɗora masa laifi ba, domin shi ma karɓa ya yi. Nawa nauyin shi ne mutanen da suka ɗauka daga bakina. Na zauna ina lissafa su. Mafi yawa sun rasu, wasu ban san inda rayuwa ta kai su ba. Ɗaya na sani, mafi hazaƙarsu, yana sayar da hatsi a Rigachikun. Na hau mota na je.

Ya tashi da sauri ya shimfiɗa mini buhu. Na ce na zo gyara kuskure ne, na karanta masa adadin.

"Allah ya gafarta Malam, wane adadi ke nan?"

"Kammalallen nan da kuka rubuta a zaure."

Ya yi murmushin jin kunya. "Wallahi ya shige mini. Takardun ma gara ta cinye tun muna tsohon gida."

Ya auna mini tiya biyu ta gero, ya raka ni bakin titi. Tun daga Malali nake tsoron na shuka kuskure a zukatan mutane. A hanyar komawa na gane babu wanda ya riƙe kuskuren, balle daidai ɗin da na koyar tare da shi. Na rubuta gyaran a gefen takardar, da ƙaramin rubutu a ƙarƙashin na malamina. Ban san wanda zai karanta ba.

Allah ya yafe mana abin da muka faɗa ba da sani ba, ya sa albarka ga mai karanta wannan da mutanen gidansa.