Mai Ɗinkin Fayil ta Kotun Santa Rufina

A shekarar 1968 na fara sanin Herminia Acuña, ranar Litinin ta farko a watan Maris. Na fito daga makarantar mishan da rubutu mai kyau da ɗan Latin, aka ɗauke ni akawu a kotun garinmu, Santa Rufina. Ta dubi takalmina da na goge har yana ƙyalli, ta ce da sauran ma'aikata ga yaron Fada, limamin coci, an kawo musu. Sunan ya bi ni har na yi furfura.

Aikinta ɗinki ne. Kowane fayil na shari'a da basilla da farin zare ake haɗa shi: huda uku a gefe, ƙulli a baya. In sabuwar takarda ta shigo, sai a warware a sake ɗinkewa. Herminia takan ce ita ba ta karanta abin da take ɗinkawa, gefen takarda kawai ta sani. Na yarda da wannan shekaru da yawa.

Na ukunmu shi ne masinja, Casimiro Ojeda, mutum mai ɗingishi wanda ke ɗaukar fayil a kafaɗa tsakanin ofisoshi da ma'ajiyar da ke ƙasan bene. Shi ke haɗa mana shayin ganyen mate da safe. Lamba kaɗai yake iya karantawa, amma bai taɓa kawo fayil ɗin da ba shi aka aike shi ba. Kullum suna faɗa da Herminia. Tana ce masa gurgun jaki, yana ce mata gizo-gizon kotu.

A 1975, tun kafin sojoji su karɓi mulki, motoci marasa lamba suka fara yawo a gari suna ɗauke mutane. Iyaye mata suka riƙa zuwa da takardar roƙon kotu ta sa a fito da 'ya'yansu. Lauya ɗaya ne ya yarda yana sa hannu a kansu, Dakta Anselmo Frutos. Kowace takarda biyu yake kawowa, ta asali da kwafin kabon. Sabon magatakardan da aka aiko mana daga babban birni yakan karɓi waɗannan fayiloli ya shiga da su ofishinsa, kuma ba a sake ganinsu.

A wannan shekarar na lura da wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Herminia ta fara sa Casimiro ya hawo mata da tsofaffin shari'o'in da kowa ya manta da su, rigimar shanu da ta iyakar gona, wai ɗinkinsu ya saki. Ni ke riƙe da rajistar fitar fayil, amma waɗannan ba sa biyowa ta teburina. Na gani, ban tambaya ba.

A watan Agusta wani magaji ya zo neman shari'ar shanun kakansa. Da magatakarda ya buɗe fayil ɗin, sai ga kwafin roƙon wata uwa a ɗinke a tsakiya. Ya tara mu a ofishinsa. Mutum ɗaya ke ɗinki a kotun, kowa ya sani. Kafin Herminia ta buɗe baki, Casimiro ya cire hularsa ya ce laifinsa ne: ran da aka yi ruwa ya zame a matakala, takardu suka watse, ya tattara su yadda ya ga dama ya miƙa mata.

"Ni da baƙi ɗaya ban sani ba, ranka ya daɗe, ina zan gane ta shanu da ta mutum?"

Aka kore shi a ranar. Da hannuna na rubuta a rajista cewa saboda sakaci ne. Bayan sati biyar aka ɗauke Dakta Frutos a ƙofar gidansa, ba a sake jin labarinsa ba. Mutanen gari suka haɗa biyun, suka ce haushin kora ne ya sa masinja ya sayar da lauya. Casimiro ya koma sayar da kifi a bakin kogi, ya mutu a 1981. 'Yarsa Ramona ta buɗe shagon burodi, kuma akwai gidajen da suka gwammace su tsallaka unguwa biyu da su sayi nata.

Da mulkin soja ya ƙare, masu bincike suka tono kwafi arba'in da ɗaya daga cikin tsofaffin fayiloli. Aka ce dabarar lauya ce. Herminia ta ci gaba da ɗinkinta har ta yi ritaya.

A 2011 'yan fim suka zo yin fim a kan Dakta Frutos. Daraktansu wani matashi ne mai suna Lisandro Benítez. Ni suka ɗauka in rubuta musu shafukan rajista da irin rubutun da, ita kuma ta koya wa 'yar wasa riƙon basilla. Kwana uku tana yi wa yarinyar tsiya, wai ɗinkinta kamar na buhun dankali. A rana ta huɗu ta ari littafin labarin fim ɗin ta tafi da shi gida. Ita da ba ta karatu.

A cikin labarin akwai masinja mai ɗingishi wanda ya kai sunan lauya wurin masu mota. An canza masa suna, amma a Santa Rufina ba wanda zai yi tambayar wa ake nufi. Daraktan a bakin mutanen gari ya ji, ya ɗauka gaskiya ce. Labari ya kai wa Ramona. Ta rufe shago kwana biyu, ta gaya wa maƙwabta in fim ɗin ya fito za ta sayar da komai ta bar garin.

Ranar Talata da safe Herminia ta zo gidana ta ce in sa riga mai kyau in kira mata daraktan zuwa ma'ajiyar kotu. A can, tsakanin kantoci, ta gaya masa ita ta ɗinke kwafin a cikin matattun shari'o'i, Casimiro kuma shi ke hawo da su yana mayarwa, yana sane sarai da abin da ke ciki. Ba a taɓa yin zamewa a matakala ba. Lisandro ya tambaya cikin ladabi ko akwai shaida. Ta sa ya ɗauko jerin da masu bincike suka yi, ta rufe ido ta fara: sunan uwa, sunan ɗa, lambar fayil ɗin da ta saka su. Ni ina bin jerin da yatsa. Sau ɗaya ta yi tuntuɓe, ta gyara da kanta. Sannan ta juyo gare ni.

"Yaron Fada, gaya masa abin da ka gani ka yi shiru."

Na gaya masa fayilolin da ba sa biyowa ta rajistata.

Lisandro ya kasa zama. Ya ce ai ya samu jarumarsa, zai sake rubuta fim ɗin a kanta. Ta ce a'a. Ta ce ya ba masinja aikin duka, da sunansa na gaskiya in Ramona ta yarda, mai ɗinki kuwa hannunta kawai za a nuna. Ya ce to yanzu fim ɗinsa ba shi da maci amana.

"Mugaye ne ka rasa a waccan shekara, ɗana? Nemi masu mota, ka ƙyale mai tafiya da ƙafa ɗaya da rabi."

A hanyar gida na yi mata tambayar da na riƙe shekara talatin da shida: me ya hana ta magana? Ta ce da fari tsoro ne, don tana da 'ya'ya biyu ƙanana. Da tsoron ya wuce, Casimiro ya riga ya mutu, sai kunya ta maye gurbinsa, kuma kunyar ta fi nauyi. Ta ce in faɗa wa kowa tana raye, za ta ɗinke mini baki. In ta mutu, in rubuta abin da na ga dama. Bara ta rasu.

An nuna fim ɗin a sinimar garinmu wata Lahadi da la'asar, a 2013. Kurakurai bakwai na ƙirga, har da agogon bango da bai zo kotun ba sai 1980. Amma da masinja ya cire hularsa a gaban magatakarda, na daina ƙirge.

Herminia ba ta je ba, ta ce gwiwa ke damunta. Da aka tashi na wuce gidanta. Ba ta tambaye ni ko fim ya yi kyau ba. Ta tambayi inda Ramona ta zauna, na ce layi na uku, kusa da matar marigayi lauya. Ta tambaya ko an gaishe ta. Na ce sai da aka yi layi a bakin ƙofa, na lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, har da gidajen da suka shekara talatin ba su ci burodinta ba. Ta saurara har na kai na ƙarshe.

"Ta ce za ta tafi har yanzu?"

Na ce na ji tana gaya wa mutane gobe ƙarfe shida za ta buɗe shago. Herminia ta gyaɗa kai, ta dafa kujera ta miƙe, ta shiga ɗora mana ruwan zafi.