Tarihin Aiki a Kunnen Malam Isuhu

Akwai wata safiyar Litinin da ba ta fita raina ba har yau, ranar da Malam Isuhu ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya ajiye kan tebur, ya ce shi kam ya gama aiki da mu. Ku da kuka zo daga baya ba ku san saura ƙiris mu rasa shi ba, shi ya sa nake so in ba ku labarin tun daga tushe.

Ƙungiyarmu ta makiyaya da manoma ce, a nan Dakoro. A lokacin mu uku ne a sashen ordinater, wato kwamfuta. Malam Isuhu shi ne shef, wato shugabanmu, shi ya kafa sashen da hannunsa. Sai ni Zuwaira, mai rubuta manhaja, ban daɗe da gama karatu a Maradi ba. Sai Bubakar, wanda rabin aikinsa a kan moto, wato babur, yake, yana zaga ƙauyuka da ruga-ruga yana kawo mana labari. Aikinmu shi ne tura saƙon murya zuwa wayoyin mutane: wace rijiya ta lalace, wace aka gyara, ina za a yi wa dabbobi rigakafi. Saƙon da ya fi kowane nauyi shi ne na sakin gonaki, wato ranar da aka amince dabbobi su shiga kiwo a gonaki bayan an kwashe amfani. Kowace komin, wato ƙaramar hukuma, da ranarta. In saƙo ya fita da kuskure, shanu suka faɗa wa waken da ba a tsince ba, to ba ordinater ce za ta sha rigimar ba, mutane ne.

Saboda haka ba ma taɓa komai a ɓoye. Muna aiki da wata manhaja mai suna Mercurial, wadda take riƙe tarihin duk gyaran da aka yi. Ka canza kalma ɗaya a saƙon komin Bader Gula, za ta adana sunanka, da lokacin, da fayil ɗin da ka taɓa, da ɗan bayanin da ka rubuta na dalilin gyaran. Akwai umarni guda da in ka buga, sai ta jero maka tarihin nan, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Dokar Malam Isuhu ita ce, duk Litinin zai zauna ya bi tarihin makon gaba ɗaya, ya yi tambayoyinsa, sannan ya ce a tura. In bai ce a tura ba, ko shugabar ƙungiya Hajiya Hadiza ba ta sa a tura.

Sai ciwon ido ya kama shi, hawan jinin ido. Ya yi ta zuwa Maradi ana ba shi magani, amma ganin sai raguwa yake. Da farko ya ƙara girman rubutu. Daga baya ya koma manna fuska da allon ordinater. Kafin damina ta ƙare, haske da duhu kawai yake bambantawa. Muka sa masa manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Muryar mace ce, Faransanci take ji. Ya koyi aiki da ita da sauri har ya ba mu mamaki, don yatsunsa sun san maɓallai tun ba yau ba. Wasiƙu, rahoto, duk yana bi da kunne.

Tarihin nan ne ya gagara. Yadda Mercurial ke fitar da shi tun asali, an yi shi ne don ido. Kowane gyara yana zuwa da layuka huɗu ko biyar. Na farko wata ƴar ƙaramar lamba ce, biye da wata doguwa gauraye da haruffa marasa ma'ana. Sai cikakken sunan mutum haɗe da adireshinsa na intanet. Sai rana da awa da minti da daƙiƙa. Bayanin gyaran, wanda shi ne abin nema, yana can ƙarshe. Mai ido tsallake duk wannan yake yi ba tare da ya sani ba. Kunne kuwa ba ya tsallake. Muryar nan sai ta karanto masa lambar harafi bayan harafi, ta karanta kalmomin Ingilishi da bakin Faransanci, kafin ta iso bayanin ya manta na baya.

A waccan Litinin ɗin, ana tsakiyar girbin hatsi, ya zauna tun safe yana sauraro, yana komawa baya, yana sake sauraro. Can sai ya zare abin kunnen.

Ya ce, “Zuwaira, ki kira mini Hajiya.”

Da ta shigo ya ce mata, “Hajiya, ni ban iya cewa a tura abin da ban bi ba. Kuma ban iya bi. In an gama sakin gonakin bana, ku nemi wani.”

Hajiya ta ce, “Haba Malam Isuhu. Zuwaira ba sai ta riƙa karanta maka ba?”

Ya girgiza kai. “In ita ta karanta mini, abin da ta ga ya dace in ji shi zan ji. Aikina shi ne in duba aikinta. Ba a yi haka ba.”

Ba faɗa ya yi ba, a hankali ya faɗe shi, kuma dukanmu mun san gaskiya ce. Hajiya ta ce ya ba ta lokaci ta yi shawara. Ni kuwa na koma kujerata raina a jagule, don mutumin nan shi ya ɗauke ni aiki lokacin da wasu ke cewa ba a taɓa ganin mace a wannan kujera ba.

Na san Mercurial tana da wata dama da ba mu taɓa damuwa da ita ba. Kana iya rubuta mata layi guda mai gurabu, ka ce nan ki sa suna, nan ki sa rana, nan ki sa bayani, sauran ki bar su. Ita kuma sai ta zuba kowane gyara cikin tsarin da ka ba ta. A littattafai gabari ake ce masa. Mu mul muke kiransa, kamar na buga bulo, tunda duk abin da aka zuba siffarsa yake ɗauka. Tarihin ba ya canzawa ko kaɗan, yadda ake nuna shi ne kawai yake canzawa.

Na zauna na haɗa mul ɗina na farko. Na matse kowane gyara ya koma layi ɗaya, na raba gurabun da tsayayyun sanduna, na jera su sambal, har da launi na sa, suna kore, rana ruwan ɗorawa. Bubakar ya leƙo ya ce ya yi kyau ƙwarai. Na kai wa Malam ina murna.

Ya saurari layi uku ya tsayar. Muryar tana ta cewa sanda, sanda, sanda tsakanin kowace kalma, launin kuwa ba ta ma san da shi ba.

Ya yi murmushi ya ce, “Allah shi yi albarka, ɗiyata. Na tabbata shina da kyawon gani. Ki bar wahal da kanki.”

Wannan maganar ta fi faɗa zafi a wurina. Da na koma, sai na ɗauki mayafina na rufe allon tawa ordinater ruf, na ari abin sauraronsa, na buga umarnin. Ban kai rabi ba kaina ya fara sarawa. A nan na gane ban ma san abin da yake nema a cikin tarihin ba. Na san abin da ke ciki, amma ban taɓa tambayarsa yadda yake karanta shi ba.

Washegari na ja kujera kusa da shi, na ce, “Malam, da can in ka buɗe tarihi, ina idonka yake fara sauka?”

Ya ce, “Ba wanda ya taɓa tambayata wanga. Wuri. Wace komin aka taɓa. Daga nan wa ya taɓa, sai mi ya ce ya yi. Rana daga baya. Awa da minti ba ruwana da su sai in rigima ta taso.”

“Lambar fa?”

“Ƴar ƙaramar ta ishe ni, in na so buɗe gyaran in ji cikinsa. Ki sa ta ƙarshe.”

Saƙon kowace komin yana cikin fayil ɗinsa, da sunan komin ɗin, don haka na sa gurbin fayil a gaba. Na sa a yanke suna ya tsaya a na farko, ba adireshi. Bayani, layin farko kawai. Rana da wata, ba shekara. Na cire sandunan na sa aya, domin muryar tana ɗan numfasawa in ta ga aya. Muka yi ta gwadawa, ni ina gyarawa shi yana sauraro. Ya ce sunan mutum da bayani suna cuɗewa, na sa kalmar “ya ce” a tsakani. Bubakar ya ce to in Zuwaira ce fa? Malam ya ce a bar ni da “ya ce” ɗin, ai na saba aikin maza. Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da idon ya tafi.

Saura matsala ɗaya wadda mul ba ya magani. Da Hausa muke rubuta bayanin gyara, muryar kuwa Faransanci ta sani. In na rubuta “rijiya ta gyaru” sai ta faɗi wani abu da ba Hausa ba, ba Faransanci ba. Haruffa masu ƙugiya kuma haɗiye su take. Bubakar ne ya kawo dabara: mu riƙa rubuta bayanin da irin rubutun da muke yi wa juna a saƙon waya, Hausa da haɗin baƙaƙen Faransanci, kamar “ou” a madadin “u”. Muka gwada, sai ga shi ana ganewa, kamar baƙuwar da ta koyi Hausa da girma. A ƙarshe na adana mul ɗin cikin saitin manhajar, na raɗa masa suna, yadda Malam kalma ɗaya kawai zai buga: tarihi.

Litinin ta zagayo, ita ce ta ƙarshe kafin a tura saƙon sakin gonaki. Hajiya ta zo ta zauna gefe. Malam ya ce a bar muryar ta fito kowa ya ji. Ya buga kalmar.

“Sabon Maci. Bubakar ya ce, an tabbatar da ranar saki. Bader Gula. Zuwaira ya ce, an sake ɗaukar murya da Fulatanci.”

Haka ta yi ta jerowa, gajeru, a tsanake, kowanne da ranarsa da ƴar lambarsa a ƙarshe. Ya jingina da kujera, hannu a ƙirji, yadda ya saba zama da can. Sau biyu ya tsayar, ya buga ƴar lambar, ya saurari cikin gyaran, ya ce a ci gaba. Da ta kai ƙarshen makon sai ya ɗago kai.

“Ban ji Rumbu ba.”

Na ce, “Tana nan, Malam. Tun makon jiya aka sa ranarta.”

“Waccan ta wucin gadi ce, kafin mutanen can su yi zamansu na tsaida rana. Kowace komin na ji an ce an tabbatar, ban da ita. Bubakar, ka tahi Rumbu?”

Bubakar ya ce bai samu zuwa ba, ya kira wakilinmu na can bai samu rezo ba, waya ba ta shiga, ya ɗauka in da canji da an aiko. Malam ya ce ya sake kira yanzu. Bubakar ya fita waje yana neman inda waya za ta kama. Da ya dawo sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce an ɗaga ranar, wake bai gama bushewa ba a gonakin kudu, wakilin ma yana ta neman mu bai same mu ba.

Na gyara saƙon nan take, na rubuta bayani. Malam ya sake buga kalmarsa, ya ji Rumbu ta fito a sama, ya buɗe ya saurari ranar da kunnensa. Sannan ya ce, “A tura.”

Hajiya ta miƙe tana gyara lulluɓi. Ta ce, “Malam Isuhu, shawarar da na ce zan yi, na yi. Ban neman kowa.”

Ya ce, “To Hajiya, mu gani zuwa baɗi.”

Baɗin ta zo ta wuce, da wasu bayanta, yana nan. Daga baya mun yi wasu mul ɗin. Akwai na Hajiya, wanda ke fitar da rana da bayani kawai don ta karanta wa taron mambobi. Akwai na Bubakar, gajere, daidai allon waya. Duk tarihi ɗaya ne.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, yadda na'ura ta fito da abu tun daga masana'anta ba doka ba ce, zaɓin wani ne da ya yi wa mutum irinsa. Layin da ya riƙe mana Malam Isuhu bai fi tsawon jimla ɗaya ba, kuma damar rubuta shi tana nan tun ranar da muka fara aiki da manhajar. Na kuma koyi cewa mutane irin Malam, masu riƙe aiki da mutunci, ba sa cewa a taimake su. Sai dai su ce sun gaji, ko lokacinsu ya wuce. Wani lokaci gaskiya ne. Amma kafin ku yarda, ku bincika ko kayan aikin ne suka daina dacewa da su. In kuwa za ku tsara wa wani abin da zai karanta ko zai saurara, kada ku fara da buɗe ordinater. Ku fara da tashi ku je inda yake zaune.